Faifan Inna Ba Babbar Riga Ba Ne

Lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, matar aure mai 'ya'ya, kuma a gidanmu na Kwarbai ni ake yi wa kallon wadda ta san kan waya da kwamfuta. Gaskiya ban san komai ba sai ɗaukar bidiyo da juye shi, amma da yake sauran ko wannan bai dame su ba, sai aka naɗa ni gwana. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, kuma duk sanda na ɗauko zancen a gida sai a ce in yi haƙuri. Haƙurin nan na yi shi har ya gundure ni. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka san mu za su gane mu ko ban faɗa ba.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta ƙarar da rayuwarta tana koyar da matan aure karatu a wani tsohon ɗakin ƙasa da ke tsakar gidanmu. Tana da waƙoƙin wa'azi a ka, waɗanda ta gada wajen kakarmu, ko ɗaya babu a takarda. Da na ga ƙarfinta ya fara ja baya, sai na mayar da shi al'ada, duk ranar da na je gaishe ta in jingina waya da kwanon sha in ce ta rera mini. Idan wayar ta cika sai in juye a faifan ajiya, wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba wanda ake jona wa kwamfuta, in goge na cikin wayar. Haka na tara muryar Inna ta shekaru a wuri ɗaya tak, ina ganin na yi dabara.

Babban wanmu, ɗan farin Inna, dillalin manyan riguna ne. Yana sayen shadda ya rarraba wa masu aikin hannu a zaurukan birni, idan sun gama ya kwasa ya kai Nijar. Yaya mutum ne mai kyauta, ba ya iya ganin ɗan'uwa cikin matsala ya wuce, amma Allah bai ba shi jira ba ko na sisin kwabo. Yana da wata aƙida da ya gina a kan sana'arsa, wai duk mai aikin da ya ce maka saura kaɗan, ya ajiye naka ne ya ɗauki na wani. Maganinsa a wajen Yaya guda ɗaya ne, ya je zauren ya zare rigarsa daga hannun mutum, da allura da zare a jiki, ya kai wa wani ya ƙarasa. Kuma yana ci masa, don zaren da aka riga aka soka ba ya gudu, na biyu daga inda na farko ya tsaya yake ɗorawa. Ya sha ba mu labarin nan yana dariya, mu ma muna taya shi.

Wannan hali ne ya shiga tsakaninsa da Inna. Wata damina Inna ta yi jinya ta zo gidana ta kwana biyu, shi kuwa ya ga katangar ɗakin karatun ta tsage, sai ya kira magina ba tare da ya tambayi kowa ba. Kafin ta koma an rushe ɗakin, an tayar da na bulo, har da tayil da fanka. Shi a ganinsa gata ya yi mata. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta duba, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiya, a nan ta ci gaba da karantar da matanta. Ba ta taɓa sa ƙafa a sabon ɗakin ba. Daga ranar, idan Yaya ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa da kalma ɗaya ta juya kai. Dama tsakanin uwa da ɗan fari akwai kunya, tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan, ko ta ce babban. Yanzu ga kunya ga fushi, sai ya zama kamar baƙo a gidan ubansa. Na ga mutum mai jiki kamar Yaya ya rame a tsaye.

Ana saura 'yan makonni ta rasu, yana can Nijar, ta ce in kafa waya. Ta rera doguwar waƙar kakarmu tun daga farko har ƙarshe, sannan ta gyara mayafi ta ce za ta yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ta kau da kai daga wayar, sai na ji ta faɗi sunan Yaya. Sunansa na yanka, da bakinta. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ce ɗakin ƙasa ne dama ƙasa zai koma, kuma ta san alheri ya nufa. Har ta yi dariya ta ce tun yana goye ba ya bari kunu ya huce. Da ta gama ta gargaɗe ni kada in tura masa ta waya, wai magana ce ta zama ba ta aike ba. In ya dawo in zaunar da shi a gabanta in kunna, don bakinta ba zai iya maimaitawa a kan idonsa ba. Na juye bidiyon a faifai kamar kullum na goge na waya.

Bai dawo ya same ta ba. Ta cika da safe, aka kai ta kafin azahar, shi kuwa yana hanya. A cikin zaman makoki mata suka yi ta janye kaya don a sami wurin zama, faifan ya faɗo daga saman kabad a kan siminti, wata ta ɗauka ta mayar ba ta ma faɗa mini ba sai daga baya. Da Yaya ya iso na ga yadda yake kuka kamar zai shiɗe, na ja shi gefe na gaya masa abin da Inna ta bari. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce Inna ce za ta kira sunansa, ai ko a mafarki bai taɓa ji ba. Na aro kwamfutar maƙwabta na jona faifan don in nuna masa. Sai wani ƙyas-ƙyas da yake yi a ciki, babu abin da ya fito. Na cire na mayar, na cire na mayar, har na gaji.

Akwai wata abokiyar aikina Kirista 'yar Wusasa, mun shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya a makaranta. Da ta zo gaisuwa ta ji abin da ake ciki, sai ta ce in kai wa mijinta, wanda ya yi ritaya daga aikin kwamfuta. Dattijo ne mai sanyin magana, Malam nake ce masa. Da ya ji sau nawa na jona faifan sai ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa. Ya ce shi ba gyara zai yi ba, irin wannan ba ya gyaruwa, kuma duk juyin da faifan ya yi yana ƙara cin kansa ne. Abin da za a yi shi ne a kwashe duk abin da yake iya bayarwa zuwa wani lafiyayyen faifai kafin ya mutu gaba ɗaya. Ya ce manhajar da zai sa tana aiki ne kamar macen da geronta ya zube a tsakar gida, za ta fara kwashe tulin da hannu biyu, ta tsallake wanda ya shiga tsaga, sai ta gama sannan ta dawo ta riƙa tsince na tsagar ƙwaya ƙwaya.

Fuskar kwamfutar baƙa ce wuluk, sai fararen lambobi a jere, babu hoto babu ado. Ya nuna mini layin da ke faɗin kashi nawa cikin ɗari aka ceto, ni kuwa idona ya maƙale a nan. A kwanakin farko lambar gudu take yi, yau sittin, gobe tamanin da wani abu, jibi ta haura casa'in. Don murna kullum na biya bayan an tashi makaranta sai in ɗauki hoton allon in tura zauren 'yan gidanmu na waya. Da hannuna na koya wa dangi kallon lamba ɗaya, kuma wannan ne nawa kason a cikin ɓarnar. Ana nan sai lambar ta kai casa'in da tara da ɗigo wani abu, ta tsaya cak. Yau ita ce, gobe ita ce, mako ya zagayo ita ce.

Na tayar da hankalina, Malam ya zaunar da ni a falonsu, matarsa ta kawo mini zoɓo, ya bi layukan da ni ɗaya bayan ɗaya. Ya ce yanzu an gama kwasar tuli, an shiga tsintar tsaga, don haka babbar lambar ba za ta ƙara motsi yadda ido zai gani ba. Layin da ke faɗin lokacin da ya rage, wanda yau zai ce awoyi, anjima ya ce watanni, wani lokaci ma ya bar wurin fayau, ya ce in daina kallonsa, kintace ne kawai da saurin wannan daƙiƙar. Abin dubawa biyu ne. Akwai layin da ke nuna yawan abin da aka tsallake ba a tsince ba tukuna, wannan kullum raguwa yake. Akwai kuma wani ɗan agogo da ke ƙirga tsawon lokacin da aka ɗauka rabon da faifan ya ba da wani abu. Muna zaune agogon ya hau, ya hau, sai ya koma sifili. Malam ya ce kin gani, yanzu ya sake ba mu ƙwaya ɗaya, muddin agogon nan yana komawa sifili faifan bai gama magana ba.

Sai na nuna masa layin da ya fi ba ni tsoro, wanda ke ƙirga wuraren da suka lalace, don kullum ƙaruwa yake. Ya yi murmushi ya ce wannan ma alheri ne. Babban rami ɗaya ne, idan aka tsinto mai kyau a tsakiyarsa sai ya rabu biyu, a sake tsintowa ya rabu huɗu. Yawan ramukan na hawa, girmansu na sauka. Sannan ya gaya mini wai ya duba ya ga yawancin ramukan a kan abubuwan da na ajiye daga ƙarshe suke, kuma mafi girmansu yana cikin bidiyon ƙarshe na Inna. Wato ɗan guntun da ya rage, wanda bai kai kashi ɗaya ba, a cikinsa abin da muke nema yake. Mutumin nan, don kada wuta ta yanke wa aikin, ya cire firjin gidansa daga batirin sola ya bar wa kwamfutar. Matarsa ce ta gaya mini tana dariya, ta ce tun da faifanmu ya shigo gidan ba su sha ruwan sanyi ba.

Na kwashi bayanin nan na kai wa Yaya, amma kafin in isa 'yan majalisarsa sun riga ni. Hotunan da nake turawa ya riƙa nuna musu a bakin kasuwa, kowa ya zama masani. Wannan ya ce casa'in da tara ai an gama, rigar da ta kai haka sa ta ake a tafi Masallaci. Wancan ya sa yatsa a kan layin wuraren da suka lalace, ya ce ga shi ƙiri-ƙiri jiya kaza ne yau ya ninka, mutumin ɓata abin yake yi. Wani kuma, wanda har yau ba na amsa gaisuwarsa da sakin fuska, ya ce shi dama bai ga dalilin kai waƙoƙin wa'azi Wusasa ba. Wannan magana ta ƙona mini rai fiye da komai. Mutum ya hana iyalinsa ruwan sanyi saboda muryar uwarka, kai kana zaune a benci kana cin gyaɗa kana zarginsa. Na yi wa Yaya bayanin gero da tsaga, na yi masa na agogo, ya saurare ni da kunne ɗaya. Ya ce duk wannan dogon turanci sunansa saura kaɗan, kuma shi ya girme wa saura kaɗan. Ga sadakar arba'in ta matso, ya rantse sai ya ji muryar Inna kafin ranar.

Ranar da ya je ina aji, wayata tana cikin jaka. Abokiyar aikina ba ta zo ba ranar, tana gida, ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Yaya ya yi sallama da babbar rigarsa, aka ba shi wurin zama, ya yi godiya yadda ya kamata, sannan ya ce ya zo karɓar kayan gidansu. Malam ya nuna masa agogon, har ya koma sifili a gabansu, Yaya bai ko kalla ba. Malam ya yi ta kiran wayata ba a ɗauka. Ya ce to ya bari a tashi makaranta, Yaya ya ce shi ne babba a gidan, ba ya neman izinin ƙanwarsa a kan kayan uwarsa. Malam ya ce ya tafi da sabon faifan mai kwafi ya bar tsohon ya ƙarasa, Yaya ya ce ba ya son kwafi mai rami, na asali yake so. Da dattijon ya ga babu yadda zai yi, ya tsayar da manhajar a hankali, ya naɗe faifan a tsumma ya miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, kayanku ne, ba ni da ikon hana ka," in ji shi. "Amma don girman Allah kada ka bari kowa ya jona shi. Numfashinsa kaɗan ya rage, kuma abin da kake nema yana cikin kaɗan ɗin."

Yaya ya ce ya gode, ya fita ya nufi Sabon Gari, shagon wani mai gyaran waya da kwamfuta da abokansa suka yaba masa. Ana kiran la'asar na duba wayata na ga kiran Malam jere, kafin in kira shi sai ga na Yaya. Muryarsa har rawa take don murna. Ya ce in zo in ga aiki, abin da mutumina ya yi makonni yana jan ƙafa a kai, an gama shi tsakanin azahar da la'asar. Ban san sanda na bar jakata a ofis na tare keke ba. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa ni ce ban fahimta ba.

Na tarar da mai shagon, wani mai zaƙin baki da agogon hannu kamar faranti, ya juya wa Yaya fuskar kwamfuta. Tasa manhajar mai kyan gani ce, shuɗi da fari, ga wani koren layi ya cika dam, an rubuta ɗari bisa ɗari. A ƙasa ga sunayen bidiyoyin Inna a jere, har da na ƙarshen. Yaya ya nuna mini da yatsa kamar wanda ya ci gasa. Na ce a buɗe. Aka danna, shiru. Aka danna wani, shiru. Ashe koren layin ba cewa yake an ceto komai ba, cewa yake manhajar ta gama zagaya faifan tana tattara sunaye, kuma a zagayen nan ta bi ta kan ciwon da Malam yake lallaɓawa ta murje shi. Faifan na kan tebur ya yi zafi, ƙyas-ƙyas ɗin ya koma ƙwas-ƙwas, ana ji daga bakin ƙofa. Ina cewa ya cire, ya cire, mutumin nan sai ya ɗaga shi ya ɗan bubbuga da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo, ya zare ya sake jonawa. Faifan ya yi wani ɗan kuka siriri, daga nan bai ƙara motsi ba. Ko kunya babu, mai shagon ya gyara zama ya ce dama wancan na farkon ne ya kashe shi, gawa aka kawo masa. Sai na tsinci kaina ina kuka a tsakiyar kasuwa, mutane na leƙe.

Washegari muka koma Wusasa, ni da Yaya, a mota. Ban taɓa jin nauyin shiga gidan mutane kamar ranar ba. Malam bai yi mana gori ba ko da ido, kuma wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya jona faifan sau ɗaya, ya kara kunne, ya cire ya ajiye. Sannan ya buɗe kwafin da ya tara. Waƙoƙin Inna kusan duka sun fito lafiya, ga ta nan a gindin bishiya, ga muryarta garau, yau haka ɗalibanta suna da su a wayoyinsu. Na roƙe shi ya sa na ƙarshen. Waƙar kakarmu ta tafi da ɗan tsalle nan da can. Aka zo wurin addu'a, Inna ta gyara mayafi, ta kau da kai, ta buɗe baki. Sai hoton ya daskare ya farfashe, sauti ya ɗauke. Muna zaune muna kallon fuskarta a tsaye, rabi a fashe. Da hoton ya dawo, tana dariya tana share ido da gefen mayafi, ta riga ta wuce kan yayata mai bi masa, ta kira sunanta, ta kira nawa, ta kira na autanmu, kowa ya ji nasa.

Na tambayi Malam ko da an bari da an samu. Ya ce ba zai rantse ba, wataƙila a samu duka, wataƙila rabi, wataƙila faifan ya mutu da kansa kafin a kai. Abin da ya sani kawai, a safiyar da aka ɗauke shi daga cikin ramin nan yake bayarwa. Yaya ya ce a maimaita, aka maimaita, ya ce a sake. Daga nan ya miƙe ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Na same shi a jikin mota ya kifa kai.

"Ke, tsakaninki da Allah," ya ce, bai ɗago ba, "ta faɗi sunan?"

Na rantse masa da Wanda ya halicce mu. Na faɗa masa duk abin da ta ce, har zancen kunu. Sai ya ce ai ko ba ta faɗa ba haka zan ce don in kwantar masa da hankali. A nan ne fushina ya fashe. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar, a kan titi, a unguwar mutane. Na ce masa ɗakinta bai jira ba, muryarta ma bai jira ba, yanzu kuma ni zai mayar maƙaryaciya. An yi sadakar arba'in an watse, dangi suka taru a kaina wai in ba shi haƙuri don shi ne babba. Na ba shi, amma har yau idan na tuna koren layin nan da mutumin da ke bubbuga faifan, sai in ji abinci ya fita raina. 'Yan majalisar da suka zuga shi kuwa ko ɗaya bai zo ya ce ya yi kuskure ba, da aka gaya musu sai suka ce haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ban ga ranar da ƙaddara ta ɗauki faifai ta kai Sabon Gari ba, mutane ne suka kai shi.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka daga wannan wahala tawa. Idan kana da muryar wani naka, ko hotonsa, kada ka tara a wuri ɗaya kamar yadda na yi, ka juye a wurare biyu ko uku tun mai muryar yana raye. Idan faifai ya faɗi ya fara ƙara, cire shi ka ajiye, kada ka yi ta gwadawa. Idan kuma ka kai wa wanda ya san aikin ya fara kwasa, to ka zauna ya koya maka karatun allon gaba ɗaya, kada ka riƙe lamba ɗaya ka yi ta yawo da hotonta kana tara wa kanka masu ba da shawara. Lambar da ta tsaya ba lalle aikin ne ya tsaya ba, wadda ta cika ɗari kuma ba lalle an sami komai ba. Ka tambaya me ya rage, a ina yake, kuma faifan yana bayarwa ko ya daina. Ku kuma manyan gida, girma bai sa mutum ya san kowace sana'a ba. Dabarar da ke karɓo maka riga daga zauren maɗinki tana iya kashe maka abin da babu mai sake ɗinka shi.

Yaya ya sa an tura masa guntun bidiyon a wayarsa. Matarsa ta ce yakan tsayar da shi daidai inda Inna ta buɗe baki, ya ƙura wa leɓɓanta ido, wai ko zai gane harafin farko. Duk Juma'a bayan an sauko yana biyowa gidana, mu gaisa, a kawo masa ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye da zancen kasuwa. Sai ya tashi tafiya, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya ce in faɗa masa yadda ta faɗa. Ni da ban taɓa kiran sunansa ba tun da na yi wayo, sai in kau da kai kamar yadda ta yi, in sassauta murya, in kira shi. Yakan tsaya ya saurara har in gama, ya gyaɗa kai, ya ce ba haka muryarta take ba. Sannan ya sa takalminsa ya tafi, wata Juma'ar ya dawo.